Ranar da Lasifikar Tsit Ta Ƙi Mutuwa

Yana kan tsani, wayar lasifika a baki, hannu ɗaya rungume da lasifika, ɗayan yana laluben ƙugiyar da ke jikin ginshiƙin sabuwar rumfar kasuwa, sai wani mai tura baro ya ɗaga kai ya hango shi.

"A'a, Tsit! Kai aka ba aikin? To yau ma rabin jawabi za mu sha ke nan."

Masu shara da ke kusa suka kwashe da dariya. Shi kuwa Tsit bakinsa a cike yake da waya. Ya rataye lasifikar, ya ɗaure ta tamau, ya sauko a hankali yana karkaɗe tafin hannunsa.

Sunan nan ba da shi ya fara sana'a ba. Da can Mai Lasifika ake ce masa, har da girmamawa, domin a garin kaf babu wanda ya kai shi iya saita murya. In ya haɗa kayansa, tsohon da ke can ƙarshen fili ma sai ya ji tarin mai jawabi. Amma tun da ya kama aiki da Ɗan Majalisa, kayan suka koyi wata muguwar ɗabi'a. Ana tsakiyar jawabi, magana ta fara ɗaukar zafi, kowa ya kasa kunne, sai lasifika ta yi ƙara ta ɗauke, tsit. Daga nan sunan ya samo asali, kuma ya manne masa kamar cingam a takalmi.

Shi kuwa Ɗan Majalisa, Babu Birki mutanen gari suke ce masa, a bayan idonsa da gaban idonsa, don bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Wajen aiki ko maƙiyansa ba su musu, ya kai ruwan famfo unguwannin da suka fid da rai, ya gyara hanyar asibiti, ga kuma wannan rumfa da ya gina wa masu sayar da kayan miya. Illarsa ɗaya ce, bakinsa. Shi ne ya taɓa tsayawa a taron teloli ya ce duk telan da ya ce maka gobe, ka tambaye shi goben wace shekara. Teloli suka yi fushi na 'yan kwanaki, daga baya wani mai wayo ya rubuta maganar a allon shagonsa, ciniki ya ƙaru. Shi ne ya ce wa ma'aikatan jinya fuskarsu ta fi allurarsu zafi, a cikin asibitinsu, yana riƙe da almakashin buɗe sabon ɗaki. Malaman makaranta ya ce musu ƙurar alli ce ta toshe musu kai. Gajerun mutane ma ba su tsira ba, wai a rage musu kuɗin mota tunda ba su cika kujera. In an tare shi da maganar, sai ya buɗe hannuwa ya ce, "To ƙarya na yi?"

Duk wannan ana dariya ana wucewa, sai shekarar da ruwa ya ci unguwar bakin rafi. Mutane na tsaye kan tarkacen gidajensu, katifu a jiƙe, yara a goye, aka miƙa masa makirufo ya jajanta musu. Ya ce wanda ya yi gini a hanyar ruwa ai wanka yake nema, ga shi ya samu. Ranar babu wanda ya yi dariya, kuma lasifikar da ta kai maganar kunnen kowa ta Mai Lasifika ce.

Washegari yayar Ɗan Majalisa ta aiko a kira shi. Ita ce ta raini ƙanin nata tun mahaifiyarsu ta rasu, ita kaɗai yake shakka a duniya, kuma duk ma'aikatansa Yaya suke ce mata. Ta zaunar da Mai Lasifika a falonta, ta rufe ƙofa da kanta.

"Ƙanina yana da alama," ta ce. "In zai yi ɓarna, sai ya cire tabarau, ya ce, 'Ni dai kun san ni, ba na tauna magana.' Da ka ji wannan, ka ji ya ambaci mutanen da zai taɓa, kayanka su lalace. Ka gane?"

"Yaya, kayana ba su lalacewa."

"Daga yau suna yi. Kuma shi ma kada ya sani."

Ya yarda, wani ɓangare don fuskokin mutanen bakin rafi sun ƙi barin idonsa, wani ɓangare kuma don Yaya ba mace ce da ake ce wa a'a ba. Da yake shi gwani ne, lalacewar ma sai da ya yi mata gwaninta. Ba ya kashewa haka kawai, wannan ko jariri ya gane. Sai ya fara sakin ƙara mai tsinin nan da ke sa mutane toshe kunne, ya biyo da ƙurƙur, sannan ya ja maɓalli ƙasa. Daga nan ya tashi a guje yana bin wayoyi, yana durƙusawa, yana hura bakin filogi, yana share gumi. Shi kuwa Ɗan Majalisa sai ya juye masa duk zafin da ya tanada, da muryarsa ta Allah, cewa wannan mutum ko rediyon kakarsa ba zai iya gyarawa ba. Kafin sauti ya dawo, wutar ta lafa, an mai da tabarau, an koma maganar famfo da kwalta. Mutane kuma su watse kowa na ƙarasa maganar da bakinsa, gobe ka ji zagi kala-kala na yawo a gari wai Babu Birki ne ya faɗa. Bai taɓa ƙaryata ko ɗaya ba.

Abin da Yaya ba ta lissafa ba shi ne sunan Mai Lasifika. Masu biki suka daina kiransa, makarantu suka daina, har masu tallan magani a tasha suka koma wurin wasu. Wa zai ɗauki mai kayan da ke mutuwa a tsakiyar magana? Yana dariya in an tsokane shi, amma a gaskiya abin yana yi masa ciwo ƙwarai, irin ciwon da mutum ba shi da wanda zai kai wa.

"Auta! Zo nan."

Mutum ɗaya ce a duniya take kiransa haka, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. Inna tana zaune a sabon teburinta na siminti, layin farko, tana jera tumatir manya a sama, ƙanana a ƙasa, yadda ta saba tun yana rarrafe a ƙarƙashin tsohon teburinta na katako. Da wannan tumatir ta ciyar da su bayan rasuwar babansu, da shi ta saya masa lasifikarsa ta farko, wata tsohuwa mai tsatsa. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ka san Manajar babban ɗakin taron nan na bayan tashar mota?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Wurina take sayen kayan miya. Mai lasifikarsu ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, suna neman wani. Na ce mata ɗana ne ya dace da wurin. Ka san abin da ta ce? 'Wanne, Tsit?' Har da dariya, a gaban teburina, mata suna ji."

"Inna, ai da ba ki..."

"Na ce ta zo yau ta ji da kunnenta. Ta ce za ta zo. Saboda haka ka gyara kayanka da kyau."

Babban ɗakin taro! Wurin da duk lokacin da ya wuce sai ya rage tafiya ya leƙa, inda lasifiku suke kafe a bango, ga kujerar zama, ga fanka, babu ɗora kaya a mota, babu saukewa, babu rana. Wanda ya riƙe wannan wuri shi ne mai lasifikar gari, babu gardama. In Manaja ta ji sauti ya tafi sumul yau, sunansa ya dawo. In ya katse, ya tabbata Tsit har kabari, kuma a gaban teburin Inna za a yi dariyar.

Yana cikin wannan tunani motar Yaya ta tsaya a bakin rumfa. Ta sauke gilashi ta yafito shi da yatsa.

"Yau ka buɗe kunne da kyau," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun safe yake huci. Da ya zo duba aikin nan kwanaki, matan nan sun yi masa ca a kan rufin yana yoyo ta gefe ɗaya. Ya ce ya gina musu rumfa sun saka masa da ihu, yau zai gaya musu tasu. Ko shayi bai sha ba."

"Yaya, da ma yau ɗin..."

"Da ma me?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi layin farko inda Inna take goge tumatir da gefen zaninta.

"Babu komai, Yaya."

"Yawwa," ta ce, ta ɗage gilashi.

Ya koma bayan akwatin sautinsa ya zauna kan kujerar roba, yana taɓa maɓallai ba tare da ya san me yake taɓawa ba. In ya kashe, ya kashe aikin da Inna ta zubar da girmanta ta roƙo masa. In ya bari, da lasifikarsa, wadda ya saita da hannunsa, za a zagi uwarsa a gaban kasuwa, kuma zagin zai fita tas, har mai sayar da gawayi na can baya ya ji. Ya san bakin mutumin nan in ya sami fili. Wanda ya iya faɗa wa masu ambaliya abin da ya faɗa, me zai bar wa gwauruwa mai tumatir?

Ya tashi ya sake komawa wurinta.

"Inna, rana za ta yi zafi yau. Ko in sa a kai ki gida, in an gama buɗewa ki dawo?"

"A cikin rumfa rana za ta same ni?"

"Ba haka ba. Mutumin nan, kin san bakinsa. An ce ku ya nufa yau."

Sai yanzu ta ɗago ta dube shi sosai. Ta ajiye tumatirin da ke hannunta.

"Auta, tun kafin a haife ka nake zaune a kasuwa. Wane irin zagi ne bai biyo ta gaban teburina ba? An ce mini ɓarauniya a kan tumatir ɗaya, an ce mini mayya don na ƙi ba da bashi, ga ni nan da ƙibata. Zagin Babu Birki ba zai rage mini komai ba, kuma mu ma Allah ya ba mu baki. Abin da yake hana ni cin abinci shi ne in ji yara a layi suna kiran ɗana Tsit. Wannan kam yana ƙona mini rai."

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma bari in gaya maka," ta ci gaba, ta rage murya. "Yaron da ya gyara mini rediyo da cokali tun bai iya ɗaura wando ba, ba za a ce mini wai waya ce take fin ƙarfinsa ba. Ban tambaye ka ba, kada ka gaya mini komai. Yau dai hannayen nan naka biyu, ka zuba su a aljihu."

Ta ɗauki tumatirinta ta ci gaba da jerawa, alamar an gama magana.

Kafin hantsi ya ɗaga rumfa ta cika maƙil. Mata sun yi kwalliya sun zauna bayan teburansu, maza sun tsaya ta gefe, yara sun ɗare kan buhuna. Tsit ya hango Manaja tun shigowarta, doguwa siririya da jaka a hammata, ba ta zauna a kujerun manyan baƙi ba. Can baya ta wuce ta tsaya kusa da mai gawayi, inda sauti ya fi wuyar kaiwa. Nan ya san matar ta san aikinta.

Ɗan Majalisa ya iso da jiniya da tafi. Aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto, ya karɓi makirufo ya hura sau biyu. Muryarsa ta fita garau, ta cika rumfar har lungunanta, babu amsa-kuwwa, babu ƙara. Tsit ya ga Manaja ta ɗan karkata kai tana saurare. Jawabi ya tafi lafiya, aka yi maganar siminti da ƙarfe, aka yi ta magudanar ruwa, aka yi ta wanda ya ce ba za a iya ba ga shi an iya. Har Tsit ya fara sa rai ko mutumin ya huce a hanya.

Sai wata mai albasa ta ɗaga murya daga tsakiya. "Rufin fa, Yallaɓai? Har yanzu yana yoyo!"

Mata suka ɗauka gaba ɗaya, wasu na tafi, wasu na nuna sama. Ɗan Majalisa ya tsaya. Ya ɗaga hannu a hankali, ya cire tabarau, ya ninke su ya sa a aljihun gaba. Kasuwa ta yi shiru, don kowa ya san wannan waƙar.

"Ni dai kun san ni," ya ce, "ba na tauna magana."

Hannun Tsit ya tafi kan maɓalli da kansa, bai aike shi ba. Yatsunsa suka kama shi, sanyin robar ya taɓa fatarsa. Daga kujerun manya Yaya ta zuba masa ido, ta gyaɗa kai kaɗan. Ya waiwaya layin farko. Inna ba ta kallon Ɗan Majalisa, shi take kallo, ta ɗaga gira ɗaya. Ya saki maɓallin, ya cusa hannayensa biyu a aljihun wando har wuyan hannu.

"Matan kasuwar nan," in ji Ɗan Majalisa da ƙarfi, yana nuna su da yatsa, "matan kasuwar nan..."

Ya tsaya nan, yatsa a sama, baki a buɗe. Kasuwa tana jira. Shi ma da alama jira yake yi. Ya dubi makirufo, ya ɗan buga kansa da yatsa, lasifiku suka amsa bum, bum, lafiya lau. Ya gyara murya.

"Na ce ni ba na tauna magana. Matan kasuwar nan..."

Shiru. Ana jin numfashinsa a lasifika, ana jin ya haɗiyi yawu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sai ya juya gefe, ya sauke makirufo zuwa ƙirjinsa, ya kare baki da hannu, ya yi raɗa wajen akwatin sauti.

"Kai Tsit, me kake jira? Kashe mana!"

Raɗa ce ƙwarai, irin wadda ko na kusa da shi bai kamata ya ji ba. Amma kayan Tsit ne, kuma shi ya saita su da safe. Maganar ta fita ta kowace lasifika, harafi-harafi, ta isa har wurin mai gawayi.

Sai mai tura baron nan na ɗazu ya dafe kai da hannu biyu ya yi ihu, "Au! Ashe da gangan ne!" Rumfa ta fashe da dariya. Mata na riƙe ciki, wata ta kifa kai a kan buhun albasa tana dukan tebur, yara na tsalle suna maimaita "Kashe mana! Kashe mana!" Yaya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

Inna ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zaninta, ta jira hayaniya ta ragu.

"Yallaɓai, muna jin ka sarai, ɗana ya gyara sauti. Matan kasuwa me?"

Ɗan Majalisa ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya mayar, ya sake cirowa.

"Matan kasuwar nan," ya ce da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba, "suna da ƙoƙari."

"Shi ke nan?" in ji mai albasa, har da ɓata rai. "Teloli sun sami tasu, malamai sun sami tasu, mu sai ƙoƙari?"

"Rufin kuma za a gyara," ya ƙara da sauri, ya miƙa makirufo ga na kusa da shi kamar ya ƙona masa hannu.

Aka yi tafin da ba a taɓa yi masa irinsa ba.

Bayan an watse, Tsit yana naɗe waya a gwiwar hannu, direba ya zo ya ce ana kiransa. Ya tafi yana jan ƙafa, ya riga ya sallama aikin a ransa. Ya tarar da Ɗan Majalisa a bayan mota yana shan ruwa, Yaya a gefensa tana goge ido.

"Ka ci amanata," in ji Ɗan Majalisa.

"Yallaɓai, ashe ka sani? Tun yaushe?"

"Kai, ni yaro ne? Lasifikar da ba ta mutuwa sai na cire tabarau?" Ya sake kurɓar ruwa, ya ajiye kwalbar. "Tun maganar bakin rafi ban ƙara jin daɗin barci ba. Bakin nan nawa yana riga ni gudu, ina ji ina gani. Da na lura an samo masa birki sai na yi shiru abina. Da farko ina da abin faɗa kake katse ni. Daga baya ma na daina shirya ƙarshen maganar, tunda na san ba za a kai can ba."

"To zagin da kake yi mini fa, Yallaɓai, a gaban mutane?"

"Ai dole in zagi wani, kada a ce na yi laushi." Ya dube shi ta gefen ido, ya ga fuskar ba ta saki ba, sai ya yi gyaran murya. "Rediyon kakarka dai, za ka iya gyara shi. Wannan na yarda."

Iyakar ban haƙurin da aka samu ke nan, kuma waɗanda suka san mutumin sun ce ba ƙarami ba ne. Yaya ta leƙo ta ce wa Tsit ya je abinsa, sa yi magana daga baya, ita yanzu cikinta ciwo yake.

Da ya koma wurin kayansa ya tarar da Manaja tsaye a gaban akwatin sauti, tana duban yadda ya jera wayoyi, kowace da launin zaren da ya ɗaura mata. Inna tana gefe ta harɗe hannuwa, ta ɗaga haɓa.

"Daga wurin mai gawayi na ji mutum ya haɗiyi yawu," in ji Manaja, babu ko murmushi. "Ban taɓa jin haka ba, ko a ɗakina mai rufi da bango. Yaushe za ka iya farawa?"

Kafin Tsit ya buɗe baki, Inna ta amsa masa. "Gobe."

"To madalla." Manaja ta gyara jakarta, ta yi taku biyu, sai ta dawo. Ta dubi gefe da gefe, ta matso kusa, ta rage murya. "Amma akwai abu ɗaya. Wannan da kake yi masa, da ƙarar da ƙurƙur ɗin da bin waya a guje, ni kaina na sha gani, ban taɓa zargin komai ba. A ɗakina ina da iyayen ango da ba su san ƙarshen jawabi ba, ina da shugabannin ƙungiya masu tono tsohon faɗa, ina da wani mawaƙi da ba ya ajiye makirufo sai an kashe wuta. In na taɓa kunnena na hagu, za ka iya?"

Tsit ya dubi Inna. Inna ta dubi rufin rumfa, ta ga kamar akwai abin kallo a wajen da yake yoyo.

"Zan iya, ranki ya daɗe," ya ce.

Manaja ta gyaɗa kai ta wuce. Ya durƙusa ya ci gaba da naɗe waya, yana dariya shi kaɗai. Mai baron nan ya turo baronsa har gabansa, ya ce a ɗora lasifiku ya kai bakin mota, ba sai an biya ba.

"Maigida Tsit," ya ce, "ƙanwata za ta yi aure kwanan nan, kuma muna da wani kawu mai son makirufo."

Inna ta juyo a fusace za ta yi magana a kan sunan, ta ga yadda mutumin ya rusuna yana faɗarsa, sai ta fasa. Ta zaɓi tumatir uku manya daga saman jeri, ta zuba wa ɗanta a aljihu.